Daga Columbine zuwa Uvalde: Tambayar da Shirye-shiryen Talabijin Suka Kasa Amsawa

A shekarar 2004 aka fara nuna wani shirin talabijin mai suna Zero Hour, wanda ya keɓe kashi guda ga kisan da aka yi a makarantar sakandare ta Columbine da ke jihar Kolorado a Amurka. Agogo na tafiya a jikin allo, 'yan wasa biyu sanye da baƙaƙen kaya suna kwaikwayon maharan, ana bin su daga filin ajiye motoci har cikin ɗakin karatu. Duk wanda ya zauna kallo da niyyar ya fahimci abin da zai sa yara biyu su ɗauki bindiga su auka wa abokan karatunsu, zai tashi ya san ƙofar da suka bi da mintin da suka shiga, amma tambayar da ta zaunar da shi tana nan yadda take. Na kalli shirin, kuma takaicin da ya bar mini yana da tarihi mai tsawo, domin tun ranar da abin ya faru gidajen talabijin suke alkawarin bayyana dalili.

Ranar Talata ce, 20 ga Afrilu 1999. Ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe, ɗaya mai shekara 18, ɗaya 17, suka ajiye tukwanen gas biyu da suka mayar bama-bamai a ɗakin cin abinci, suka saita su tashi da ƙarfe 11:17 na safe, lokacin da ɗalibai kusan 500 ke ciki. Bama-baman suka ƙi tashi, sai suka koma harbi. Sun kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya, Dave Sanders, sannan suka kashe kansu jim kaɗan bayan sha biyun rana. Goma daga cikin mamatan a ɗakin karatu aka harbe su. Amurkawa sun ga wani ɓangare na abin kai tsaye: wani ɗalibi mai suna Patrick Ireland, da harsashi a kansa, ya ja jiki har bakin tagar bene ya faɗo hannun 'yan sanda, kyamarori na ɗauka.

Kafin a gama kwashe gawarwaki, an riga an samo dalilai. Aka ce maharan 'yan wata ƙungiya ce ta masu dogayen baƙaƙen riguna da ake kira Trench Coat Mafia. Aka ce 'yan wasannin motsa jiki suke farauta, don ramuwar cin zalin da aka yi musu. Aka ɗora laifi a kan mawaƙi Marilyn Manson da wasan kwamfuta na Doom. 'Yan jarida sun tare yara a firgice, waɗanda yawancinsu ba su ma san maharan ba a makarantar da ke da ɗalibai kusan 2,000, yaran kuma suka riƙa maimaita abin da suka ji a talabijin minti kaɗan da suka wuce. Daga baya bincike ya nuna maharan ba su cikin jiga-jigan waccan ƙungiya, ba masoyan Manson ba ne, kuma wanda ya dasa bam a ɗakin cin abinci bai ware wanda zai mutu ba. Sai dai labarin farko shi ya zauna a zukatan mutane.

A watan Disamba na 1999 mujallar Time ta samu damar kallon faya-fayan bidiyon da maharan suka ɗauka kafin harin, ta kuma sa hotonsu a bangonta. Cikin abin da ta ruwaito har da hirar da suka yi a kan wane babban daraktan Hollywood ne zai yi fim ɗin labarinsu. Wannan ya isa ya sa duk mai shirya fim ya tsaya ya yi tunani. Yaran sun faɗi da bakinsu cewa suna suke nema, kuma sun san wa zai ba su shi.

Michael Moore ya bi wata hanyar a fim ɗinsa na 2002, Bowling for Columbine, wanda ya ci kyautar Oscar a shekarar da ta biyo. Ya karkata tambayar zuwa ga Amurka kanta: yawan bindigogi, da tsoron da kafafen labarai ke shukawa. Akwai wurin da ya ɗauki ɗalibai biyu da suka tsira da raunukan harsashi zuwa hedikwatar Kmart, wanda a kantinsa aka sayi wasu daga cikin harsasan, kamfanin kuma ya sanar zai daina sayar da harsashin ƙananan bindigogi. Wannan aiki ne mai amfani. Amma game da yaran biyu fim ɗin bai ce wani abin kirki ba, har ma sunansa ya samo asali ne daga zancen cewa sun je wasan bowling da safiyar ranar, zancen da masu bincike suka ce ba haka aka yi ba.

A waɗannan shekarun ne aka yi aikin da ya fi kowane fim muhimmanci, ba tare da an yi masa ganga ba. A 2002 hukumar Secret Service, mai tsaron shugaban Amurka, tare da ma'aikatar ilimi suka fitar da rahoton nazarin hare-hare 37 da mahara 41 suka kai a makarantu daga 1974 zuwa 2000. Sun gano cewa babu wata siffa guda da za a ce ita ce ta mai kai hari: akwai masu ƙoƙari a aji, akwai raggwaye, akwai masu abokai, akwai 'yan kaɗaici. Kusan kashi uku cikin huɗu sun ji ana cin zalinsu ko ana tsangwamarsu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a fiye da kashi 80 cikin ɗari na hare-haren akwai wanda ya san da shirin tun kafin ranar, galibi aboki ko ɗan'uwa. Harin makaranta shirya shi ake yi a hankali, kuma yakan bar sawu.

Columbine ma ta bar sawu. A watan Janairu na 1998 an kama yaran biyu da laifin fasa wata mota. A watan Maris na shekarar, Randy da Judy Brown suka kai ƙara ofishin 'yan sandan gundumar Jefferson cewa babban cikin yaran ya rubuta a shafinsa na intanet zai kashe ɗansu Brooks, kuma yana maganar haɗa bam. Wani jami'i ya rubuta takardar neman izinin binciken gidan, amma ba a taɓa kai ta gaban alƙali ba, jama'a kuma ba su san da ita ba sai shekara biyu bayan harin. Bindigogi uku daga cikin huɗun da suka yi amfani da su wata ƙawarsu mai shekara 18 ce ta saya musu a kasuwar baje-kolin makamai, inda a lokacin ɗan kasuwa mai zaman kansa ba ya binciken mai saye. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata a tare abin. Shirin da ya ba da mafi yawan lokacinsa ga kwaikwayon harbi ba shi da sarari gare su.

A 2004 ɗan jarida Dave Cullen ya wallafa matsayar Dwayne Fuselier, masanin halayyar ɗan Adam na hukumar FBI da ya yi aiki a binciken: babban yaron mutum ne marar tausayi, gwanin yaudara, mai raina kowa, ƙaramin kuwa ciwon damuwa ne ya cinye shi har yana neman mutuwa. Cullen ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 2009. Brooks Brown, wanda ya san ƙaraminsu tun suna yara, ya dage a nasa littafin cewa cin zali a makarantar ya taka rawa. Har yau masana ba su haɗu a kan magana guda ba, ko da yake an saki kusan shafi dubu na rubuce-rubucen maharan a 2006. Idan masu takardun a hannu ba su daidaita ba, shirin minti hamsin da ya zo da amsa guda a naɗe yaudarar mai kallo yake yi.

Illar wannan salo ta fito fili a 2007. Ranar 16 ga Afrilu wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech. Tsakanin harinsa na farko da na biyu ya je gidan waya ya aika wa tashar NBC hotuna da bidiyo da rubutu, inda ya ambaci maharan Columbine a matsayin shahidai. Tashar ta nuna wani ɓangare, wasu iyalan mamatan kuma suka soke hirar da suka shirya yi da ita. Mu ma a nan mun ga irin wannan, lokacin da kafafen labarai na duniya suka riƙa yaɗa bidiyon Abubakar Shekau bayan sace 'yan matan Chibok a 2014: mai kisa ya shirya saƙonsa, wasu suka kai masa shi kyauta.

Bayan an kashe yara 20 da ma'aikata 6 a firamaren Sandy Hook a watan Disamba na 2012, shirin Frontline na tashar PBS ya haɗa kai da jaridar Hartford Courant suka bi tarihin tashin maharin da mahaifiyarsa. An yi aikin da natsuwa, amma shi ma ya ƙare bai kai ga dalili ba. Rahoton mai gabatar da ƙara na jihar Connecticut, wanda ya fito a Nuwamba 2013, ya faɗi gaskiya cewa wataƙila ba za a taɓa sanin dalilin ba. Abin da ya tabbatar shi ne maharin ya shaƙu da labarin Columbine, kuma bindigogin mahaifiyarsa ce ta saye su bisa doka.

Iyayen mamata ne suka fara juya akalar. Tom Mauser, wanda aka kashe ɗansa Daniel a Columbine, ya riƙa sa takalman yaron yana yawon neman goyon baya, har masu zaɓe a Kolorado suka amince a Nuwamba 2000 da dokar binciken mai sayen bindiga a kasuwannin baje-koli. A 2004 aka buɗe Safe2Tell a jihar, layin da ɗalibi zai kai rahoto ba tare da an san shi ba. Tom da Caren Teves, waɗanda suka rasa ɗansu Alex a harin gidan sinima na Aurora a 2012, suka kafa gangamin No Notoriety, suna roƙon kafafen labarai su rage ambaton sunan mahari da nuna fuskarsa. Saboda wannan roƙo ne ban rubuta sunan ko ɗaya daga cikin maharan makarantun a nan ba.

Sannu a hankali tambayar ta sauya. Rahoton Secret Service na 2021 ya nazarci shirye-shiryen hari 67 da aka daƙile, kuma sau da yawa wani ɗalibi ne ya ji ya faɗa. A 2024 kotu a jihar Michigan ta ɗaure iyayen yaron da ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford, saboda su suka saya masa bindigar kuma suka ƙi tafiya da shi gida a safiyar da malamai suka nuna musu zanen da ya yi. Shirin da Frontline ya yi a 2023 a kan harin makarantar Uvalde, inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, ya mai da hankali ga jami'ai 376 da suka taru a wurin, da minti 77 da aka yi kafin a shiga ajin.

Ba laifi ba ne mutum ya so sanin dalili. Ruwa ba ya tsami banza, kuma uwar da ta binne ɗanta tana da haƙƙin tambaya. Abin da nake ƙi shi ne a yi amfani da wannan ƙishirwa a sayar wa mutane fuskar mai kisa da kiɗan tsoro, sannan a kira shi bincike. Shirin da ya cancanci lokacin mai kallo shi ne wanda zai nuna wa malami da uba da ɗan aji abin da za su yi ranar da yaro ya furta musu magana mai ban tsoro: wa za su kira, kuma wa zai ɗauki kiran da muhimmanci. Randy da Judy Brown sun yi nasu tun wata goma sha uku kafin harin, takardar ce ta kwana a aljihun tebur.