Hayayyafar Jan Baki a Damina da Lokacin Ɓarnarsa a Gonakin Yankin Tafkin Chadi

Jan baki, wanda masana ke kira Quelea quelea, ɗan tsuntsu ne mai nauyin kusan giram 20, amma babu tsuntsun dajin da ya kai shi yawa a duniya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne biliyan ɗaya da rabi bayan an gama ƙyanƙyasa. Manoman gero da dawa da shinkafa daga Borno da Yobe da Jigawa har zuwa Diffa da arewacin Kamaru sun san yadda tarinsa ke tasowa kamar hayaƙi ya rufe gona. Abin da maƙalar nan ke son tabbatarwa shi ne, girman ɓarnarsa ya fi rataya a kan lokacin da amfanin gona ya nuna da kusancinsa da wurin sheƙa, fiye da yawan tsuntsayen da ke faɗin yankin.

Ra'ayin da ake jayayya da shi

Tun daga shekarun 1950 akidar da ta yi rinjaye ita ce a kashe da yawa domin ɓarna ta ragu. An fara da tayar da nakiya da wuta a makwancin tsuntsayen, daga baya aka koma feshin maganin fenthion da jirgin sama. A 1965 aka kafa ƙungiyar OCLALAV domin yaƙi da fara da tsuntsaye a ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da Faransanci. An kashe miliyoyi shekara bayan shekara, kuma jan baki bai ƙare ba. Peter Ward, wanda ya yi aikinsa a arewa maso gabashin Nijeriya, ya bayyana dalili a rubuce-rubucensa na 1965 da 1971 a mujallar Ibis: abincin tsuntsun na asali ƙwayar ciyawar daji ce, kuma yunwar farkon damina ce ke ƙayyade yawansa. Yawancin waɗanda feshin rani ke kashewa da ma ba za su kai lokacin hayayyafa ba. Abin takaici, wannan hujja ta haura shekara hamsin a rubuce, amma har yau da zarar an ji kukan manoma, jirgin feshi ake fara nema.

Hanyar bincike

An jera matakan rayuwar tsuntsun kamar yadda suke a ayyukan Ward da littafin Bruggers da Elliott na 1989, aka ɗora su a kan kalandar noman yankin, daga shuka zuwa girbi.

Abin da kwatancin ya nuna

Ruwan farko, wanda manomi ke murna da shi, masifa ne ga jan baki. Ƙwayar ciyawar da ya yi rani yana tsinta a ƙasa tana tsira cikin 'yan kwanaki, abinci ya ɓace masa gaba ɗaya. Yakan ɗan samu sauƙi da shinge da sauran ƙwarin da ke fitowa bayan ruwa, ya tara kitse, sannan ya nausa kudu wajen kwarin Binuwai, inda damina ta riga ta sauka har ciyawa ta fara fitar da kai. Ke nan akwai makonni a farkon damina da yankin tafkin yake kusan wayam, babu jan baki.

Wajen watan Agusta zuwa Satumba yake dawowa, yana bin nunar ciyawa zuwa arewa. A nan ne ake kafa sansanin sheƙa a kurmin ƙaya, kan farar ƙaya da magarya da aduwa, inda itace ɗaya kan ɗauki ɗaruruwan sheƙuna. Namiji ne ke fara saƙa da ɗanyar ciyawa. Yakan ƙulla zobe tsakanin rassa biyu, ya tsaya a ciki yana karkaɗa fukafukai har mace ta amince, sannan a ƙarasa ginin cikin kwana biyu ko uku. Ƙwai uku aka fi samu, kwancin kwana goma zuwa goma sha biyu ne, 'ya'yan kuma sukan bar sheƙa bayan kamar mako biyu. Daga zoben farko zuwa watsewar sansani mako shida ne ko kusa da haka, kuma duk sansanin tare yake tafiya, har a wayi gari ƙasan itatuwan ta yi fari fat da ɓawon ƙwai na rana ɗaya.

A tsawon waɗannan makonni iyaye ba su cika damuwa da gona ba. Fara da tsutsa suke ɗura wa 'ya'ya da fari, sai kuma ɗanyar ƙwayar ciyawa mai ruwan madara, irin su sabe da shinkafar daji. Ɓarnar tana farawa ne bayan iyayen sun tashi sun bar 'ya'yan, wani lokaci domin su sake wata sheƙar a gaba. 'Ya'yan da aka bari ba su da ƙarfin tafiya nesa, ba su ƙware da tsintar abinci ba, sai su afka wa gonar da ta fi kusa. Geron da aka shuka da ruwan farko yakan kusa shiga rumbu kafin lokacin. Maiwa da dawa da shukar da ta makara su ne ke cikin madara daidai wannan gaɓa, kuma su ake kwana ana gadi, yara na kan rumfa da majajjawa da igiyar gwangwanaye tun asuba har faɗuwar rana.

Wannan fahimta ta riga ta yi aiki a gona. Elliott ya nuna a 1979 cewa a gonakin shinkafar ban ruwa na kan iyakar Chadi da Kamaru, daidaita girbi da lokacin da tsuntsayen suka yi ƙaura ya rage asara ƙwarai. Feshi kuwa yana da ma'ana ne kawai a kan sansanin da ke dab da amfanin da bai nuna ba, kafin 'ya'ya su tashi. Na nesa asarar kuɗi ne da guba, domin fenthion ba ya zaɓe: shaho da shirwa da balbela da ke kiwo a sansani su ma suna mutuwa, kuma da dama cikinsu su ne masu rage wa manomi fara. Ga kuma mutanen da ke tsintar matattun tsuntsayen su kai tukunya. A Chadi, mafarautan Hadjarai suna kama jan baki da raga su sayar a kasuwannin N'Djamena, aikin da Mullié ya bayyana a 2000.

Iyakar binciken

Dole a yarda cewa ginshiƙin bayanan ya girmi madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Tun bayan gina su kacalla ta mamaye dausayin Haɗeja da Nguru ta zama makwanci, noman rani na shinkafa da alkama kuma ya samar da hatsi a watannin da a da babu shi. Hakan na iya sassauta yunwar da Ward ya gina hujjarsa a kai a waɗannan wurare. Amma wannan sauyi bai taɓa jerin matakan sheƙa da aka bayyana ba, wanda har yanzu ruwan sama da nunar ciyawa ke juya shi.