Son Kai a Rigar Soyayya: Nazarin Taurarin Jiki Magayi

Gabatarwa

Daga cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a shekarar 1933, Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da shi East ɗin ne kaɗai ya gina jigonsa a kan soyayya da aure. Ruwan Bagaja da Ganɗoki yawon duniya da jarumta suka sa gaba. An saba karanta Jiki Magayi a matsayin labarin attajiri azzalumi da saurayi abin tausayi. Wannan maƙala tana ganin wannan fahimta ta gaza, domin duk cikin manyan taurarinsa uku, wato Malam Shehu da Zainab da Abubakar, babu wanda hannunsa yake da tsabta.

Malam Shehu

Laifinsa a fili yake. Attajiri ne a garin Galma, yana da mata amma bai sami haihuwa ba. Ya nemi Zainab alhali ya san akwai alkawari tsakaninta da Abubakar, kuma shari'a ta hana nema cikin nema. Abin lura shi ne bukatarsa ba Zainab ba ce, magaji yake nema. Ita hanya ce kawai ta zuwa ga ɗan da zai gaji dukiya.

Zainab

Za a iya cewa budurwar wancan zamani ba ta da ta cewa idan iyaye suka ga dukiya. Wannan uzuri yana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da shi ba. Duk da haka, alkawari ya karye, ta tare a gidan daula, ta bar saurayinta da ƙunar zuci. Raunin hali ne ya fi yawa a nata ɓangaren, amma rauni ma yana jawo ɓarna.

Abubakar

A nan ne mai karatu ya fi ruɗuwa, domin tausayi kan rufe ido. An zalunci Abubakar, babu musu. To amma me ya yi da zaluncin? Ya bar gida, ya shiga dazuzzuka neman asiri, ya salwantar da ƙuruciyarsa da lafiyarsa. Kuma da ya tashi ramuwa, a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, ya sauke ta, yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi rigimar. Yaron ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa ba tare da ya sani ba. Tambayar ita ce: wanda yake son mace da gaske zai lalata ɗan da ta haifa? Abin da ya ci ran Abubakar shi ne an ƙwace masa abin da yake ganin mallakarsa ne, an kuma kunyata shi a gari. Ta wannan fuska bai bambanta da Malam Shehu ba. Ɗaya ya yi amfani da kuɗi, ɗaya da sihiri, kuma babu wanda ya tsaya ya duba halin da Zainab za ta shiga.

Kwatanci da Adabin Ingila

Irin wannan gini yana cikin Wuthering Heights na Emily Bronte, wanda ya fito a 1847. Catherine ta bar Heathcliff ta auri Edgar Linton mai matsayi da dukiya, shi kuwa Heathcliff ya dawo ya huce fushinsa a kan 'ya'yan gidan su Catherine da gidan su Edgar. A littattafan biyu, manya ne suka yi son kai, yara suka biya bashin. Wannan ya bambanta da salon da ya yi tashe daga baya a littattafan soyayya irin su So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, na 1980, inda masoya ke haɗa kai su fuskanci masu hana su aure, mai karatu kuma ya san ɓangaren da zai bi.

Kammalawa

Ƙarfin Jiki Magayi shi ne bai ba mai karatu gwarzon da zai jingina da shi ba. Saboda haka ya kamata malaman Hausa, daga makarantun sakandare na Shagari da Boɗinga har zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, su daina tsayawa a kan tambayar wa ya fara zalunci. Su sa ɗalibai su auna kowane tauraro da abin da ya aikata ga wanda bai ji ba bai gani ba. Idan aka yi wannan awo, laifin Abubakar bai gaza na Malam Shehu ba.