Daga Degel Zuwa Hubbare: Masaukan Jama'ar Shehu da Baƙin Birnin Sakkwato

 

Ya 'yan'uwa mahalarta wannan taro mai albarka, yawancinmu idan muka shigo Sakkwato tambaya biyu ce a bakinmu: ina za mu sauka, kuma yaushe za a kai mu Hubbare. Mai hali ya kama ɗaki a otal, maras hali ya shimfiɗa buzunsa a zauren wani ɗan'uwa ko a harabar masallaci. Da an yi ziyara an shafa fatiha, sai kowa ya nemi motar garinsu, yana ganin ya gama ganin Sakkwato. Alhali kuwa Hubbare shi ne na ƙarshe a cikin jerin masaukan da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sauka a cikinsu. Shekara biyu kacal ya yi a wannan birni. Sauran rayuwarsa ta wuce ne a ƙauyuka da sansanoni waɗanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa taka su ba, wasu ma ko sunansu ba su ji ba.

An haifi Shehu a Maratta a shekarar 1754. Garin yana cikin Jamhuriyar Nijar a yau, domin iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta raba mahaifarsa da makwancinsa. Amma gidan da ya tashi a cikinsa, ya yi karatu kuma ya karantar, shi ne Degel, a ƙasar Gwadabawa ta yanzu, arewa da Sakkwato. A nan kabarin mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo yake. Degel ƙauyen malamai ne, ba shi da ganuwa ba shi da fada, amma kafin ƙarshen ƙarni na 18 ya zama matattarar ɗalibai daga Gobir da Zamfara da Kabi da Azbin. Duk wanda ya zo neman ilmi sai an ba shi wurin kwana da abin da zai ci, don haka gidajen mutanen Degel suka koma masaukai. A wannan zama ne, yana da shekara arba'in, a 1794, Shehu ya ba da labarin ganin da ya yi wa Sidi Abdulƙadir Jilani a hallarar Manzon Allah, inda aka ɗaura masa Takobin Gaskiya. Wanda duk ya riƙi ɗariƙa ya san nauyin wannan labari, kuma ya kamata ya san ƙasar da abin ya auku a kanta.

Da al'amura suka ɓaci tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, sai Shehu ya bar Degel a watan Fabrairun 1804, daidai da Zulƙida ta shekarar 1218 bayan Hijira. Daga wannan rana Jama'a suka zama mutanen hanya. An ɗora littattafai a kan raƙuma da taimakon Malam Agali, wani malami Ba'azbine, aka bi ta Kalmalo da Ruwa Wuri har aka isa Gudu, can gefen ƙasar Gobir ta yamma. Nana Asma'u tana yarinya 'yar kimanin shekara goma aka yi wannan tafiya da ita, kuma daga baya ta tsara zangunan a cikin waƙarta da aka sani da Waƙar Gewaye, wadda ɗan'uwanta Isa ya mayar da ita Hausa daga Fulatanci. Ba don irin wannan aiki nata ba, da sunayen wurare da yawa sun ɓace.

Gudu ba gari ba ne na a zo a gani. Fili ne na ƙaya da rairayi, kuma masaukin da Jama'a suka samu a can bukkoki ne da inuwar itatuwa. Duk da haka a gindin wata bishiyar faru ta wannan wuri aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Ƙanensa Malam Abdullahi ya fara miƙa hannu, sannan ɗansa Muhammadu Bello. Wato daular da ta kai har Adamawa da Ilori, farkon majalisarta gindin itace ne. Kusa da nan Tabkin Kwatto yake, inda aka gwabza da rundunar Gobir a watan Yunin 1804, Allah Ya ba Jama'a nasara duk da ƙarancinsu.

Abin da ya biyo baya kuwa shekaru ne na yunwa da ƙaura. An sauka Magabci, an sauka Kirare, an sha wuya a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa a ƙarshen 1804, inda masana tarihi suka ambaci shahadar mutum kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Daga nan aka gangara Sabon Gari ta Zamfara, sannan Gwandu a 1805. Sai bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 hankali ya kwanta. Bello ya kewaye Sakkwato da ganuwa a 1809, Shehu kuma ya koma Sifawa, Malam Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga. A Sifawa ya koma kan abin da ya fi so, wato karantarwa da wallafa, ya bar wa ƙanensa da ɗansa ɗawainiyar mulki. Sifawa ba ta da nisa da wannan birni, mai mota zai je ya dawo tsakanin Azahar da La'asar, amma abin mamaki ƙalilan ne daga cikin masu ziyara ke tunawa da ita. A 1815 Shehu ya shigo Sakkwato, a watan Afrilun 1817 Allah Ya karɓi abinSa, aka binne shi a cikin gidansa. Wannan gida shi ne Hubbare.

Mutanen da suka ɗanɗani baƙunci haka, ba su wulaƙanta baƙo ba da Allah Ya ba su gari. A tsarin Sakkwato ta wancan zamani babu gidan da aka gina don a karɓi kuɗin kwana. Fatake suna sauka a zango, ko a hannun fatoma wanda zai ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya kuma haɗa su da masu saye, ladansa yana fitowa daga cinikin. Ɗalibi yana sauka a zauren malaminsa. Baƙon sarki kuwa, manzo ne ko malami ko sharifi, amanarsa tana wuyan Waziri. Shi ya sa gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya zama mashahurin masauki na birnin, kuma unguwar Giɗaɗawa tana nan har yau da sunansa.

A wannan gida aka sauke Baturen Ingila Kyaftin Kilafaton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, lokacin da ya iso a watan Maris na 1824. Sarkin Musulmi Bello ya yi ta zama da shi, yana yi masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kiristocin farko da kan mamayar da Ingila ta yi wa Indiya, har baƙon ya rasa amsar wasu. An zana masa taswirar ƙasar da kogunanta, ya tafi da ita, aka buga ta a Landan. Shi ne kuma ya ba da labarin wani masallaci da Waziri yake ginawa a lokacin, wanda maginin Bazazzagi ne da mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar ya ga irin gininsu. Da ya dawo a 1826 ya tarar ana rikici da Shehun Borno, saboda haka aka hana shi wucewa da wasiƙa da kayan da ya ɗauko domin Borno. A nan akwai abin lura: an ci gaba da ciyar da shi da kula da shi, amma karamci bai sa an bar baƙo ya kai wa abokin faɗa makami ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827, Sarkin Musulmi ya ba da izini baransa Landa ya binne shi a wani ƙauye bayan gari.

Baƙon da ya fi daɗewa, kuma ya fi barin tarihi, shi ne Shehu Umarul Futi, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya biyo ta Sakkwato a kan hanyarsa ta Hajji, ya kuma dawo bayan ya karɓi halifancin Tijjaniyya a Hijaz. Birnin Ƙadirawa ne, mai masaukinsa ɗan Shehu Usmanu ne, amma Bello ya riƙe shi shekaru, ya fita yaƙi tare da shi, ya kuma aurar masa da 'yarsa. Bai bar ƙasar ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Ɗansa Ahmadu, wanda aka haifa a lokacin wannan zama, ya mulki Segu, kuma da Faransawa suka ci ƙasarsa, nan ƙasar Sakkwato ya dawo neman mafaka zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, a nan ya rasu a 1897. Masu neman raba kan 'yan ɗariƙu biyu, da za su karanta tarihin wannan masauki da sun rage murya.

Shi kansa Bello bai cika son zaman birni ba. Ya gina ribaɗi a Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, domin tsaron iyaka, can ya ƙare rayuwarsa kuma can kabarinsa yake. A Wurno aka sauke Bajamushe Dakta Bart, mai laƙabin Abdulkarim, a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kafin ya wuce Gwandu inda aka ara masa Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya. A Gwandu ne kuma makwancin Malam Abdullahi yake.

Akwai wasu baƙin da ba a cika ambatonsu ba, su ne mata 'yan taru. Nana Asma'u ta naɗa jajoji, wato dattawan mata masu ilmi, tana ɗora musu malfa da jan rawani alamar izini. Su ne ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka, a ƙasa, ɗauke da hatsi da man shanu da zuma na sadaka, su sauka a gidanta su ɗauki karatu su koma su koyar. Bayan rasuwarta a 1864 'yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da karɓarsu, kuma zuwan mata Hubbare ayari ayari daga wannan tushe ya samo asali. Ita ma Nana a Hubbare take kwance, kusa da mahaifinta, kamar yadda Sarakunan Musulmi na baya irin su Abubakar na Uku da ya rasu a 1988, da Muhammadu Macciɗo a 2006, da Ibrahim Dasuƙi a 2016 suke, Allah Ya jiƙansu. Mai shiga wurin ya tuna cewa mai gidan da kansa, a cikin Ihya'us Sunna, ya yi gargaɗi kan bidi'o'in da ake yi a maƙabartu. Sallama da addu'a da natsuwa su ne ladabin masaukinsa.

Jerin zangunan bai tsaya a Hubbare ba ga zuriyarsa. Bayan yaƙin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira ya nufi gabas, dubban mutane suka bi shi, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Waɗanda suka tsira suka ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, suka kafa gari kusa da Sinnar. Sunan garin Mai Wurno, kuma ana jin Fulatanci da Hausa a cikinsa. Shekaru da dama alhazan ƙasarmu masu tafiyar ƙasa suna yada zango a can kafin su kai gaɓar Bahar Maliya.

Wanda wannan bayani ya sa masa sha'awar kewaya waɗannan wurare, to ya yi tambaya kafin ya ɗaura niyya. Sifawa da Boɗinga da Gwandu suna kan hanyoyin da jama'a ke bi kullum. Amma gabashin jihar, wajen Sabon Birni inda kufan Alƙalawa yake, ya sha fama da 'yan bindiga shekaru da dama, kuma a watan Nuwamban 2024 rundunar sojan Nijeriya ta bayyana ɓullar ƙungiyar Lakurawa, wadda ta addabi yankin Gudu da Tangaza. Ƙasar da Jama'a suka gudu zuwa gare ta domin su tsira da addininsu, yau mutanenta da yawa suna gudun hijira zuwa garuruwa, wasunsu ma suna kwana a kangayen wannan birni da muke taro a cikinsa. Kowane ayari da ya zo daga nesa ya nemi shawarar mai masaukinsa da hakiman yankin kafin ya kama hanyar Degel ko Wurno, kuma in an ware abin sadakar ziyara, a tambayi inda waɗannan bayin Allah suke sauka a kai musu.