Asalin Kalma: Alkawari

Daga Larabci ta zo mana, al-ƙaulu, wato magana. A ƙasar Sakkwato za ka ji ana cewa alkawali, lafazin da ya fi kusa da tushen.

Masu rubuta manhaja ma sun ɗauko ma'anar. Tun 2015 harshen JavaScript ya shigar da Promise cikin ƙa'idojinsa: a nemi abu, a ci gaba da wani aiki, sakamako ya biyo baya. Halinsa uku: ana jira, an cika, ko an kasa.

Dubi mai POS a Tambuwal, ya tura kuɗi Kebbe, allo yana ta juyawa, shi kuwa yana ƙirga wa wani canji. Ni dai na fi son matasanmu su riƙa kiran Promise alkawari, domin Bahaushe ya daɗe da sanin kaya ne.