Kwamfuta da Intanet a Kano: Daga Layin NITEL Zuwa Yau

Wani mai sauraronmu daga unguwar Zaitawa, cikin birnin Kano, ya aiko yana cewa kwamfutarsa ta gida ta yi nauyi, intanet kuma sai yankewa take yi. Yana so ya san ko ya sayi sabuwa ne, yana kuma neman tarihin yadda wannan abu ya shigo mana.

To Malam, kafin ka taɓa aljihunka, ga tarihin, domin amsarka tana cikinsa.

A shekarar 1992 aka kafa hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC. A 1996 ta ba kamfanoni izinin sayar da intanet, kamfanin Linkserve na Legas kuma ya fara aiki a farkon 1997. A zamanin nan, in kana son intanet a gida, sai kana da layin tarho na NITEL, irin mai lambar 064 ta Kano, da wata 'yar na'ura da ake kira modem. Gudunta mafi girma kilobit 56 ne a daƙiƙa, shi ma da kyar ake samunsa. Layukan NITEL a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Ruwan sama ya shiga waya, ko wani ya ɗaga tarho a ɗaki, shi ke nan, layi ya yanke. Shi ya sa jama'a suka koma shagunan intanet masu ɗauko ta daga tauraron ɗan'adam.

Ita kanta kwamfutar, kullum ana cikin ƙara mata ƙarfi. Windows 95 tana tashi da ram na megabait 4, Windows 98 ta nemi 16, Windows XP ta 2001 kuwa 64. Kowace sabuwa ta fito, sai mai gyara ya buɗe akwati ya ƙara. Har haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sai da aka ƙara mata su. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan da ya kira Rabi'at da Abdalla.

Daga nan al'amura suka canza. A watan Agusta na 2001 Econet da MTN suka fara wayar salula. A 2002 wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki, a 2010 aka ƙaro MainOne da Glo-1. Duk a Legas suka sauka, daga can ake jawo su zuwa Arewa. Ka ga ke nan saƙonka yana yin doguwar tafiya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku da dama suka tsinke a wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta. Wanda ya kai kwamfutarsa gyara a ranar, ai asarar kuɗi kawai ya yi.

Darasin shi ne, sau da yawa laifin ba na akwatin ba ne. Saboda haka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, layi. Gwada intanet ɗin da wayarka. In ita ma tana jan ƙafa, kwamfuta ba ta da laifi. Duba ko data ta ƙare, ka kashe na'urar intanet ɗin ka sake kunnawa. Gidajen cikin birni katangarsu mai kauri ce, ga rufin kwano, duk suna tare sigina. Ɗora na'urar a sama kusa da taga.

Na biyu, wuta. Tun zamanin NEPA har zuwa KEDCO, wadda ta karɓi rabon wuta a Kano a 2013, hawa da saukar lantarki na kashe na'urori. Sayi sitabilaiza ko UPS kafin komai.

Na uku, ƙura da zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, in ƙwaƙwalwar ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta. A buɗe a hure ta.

Sai ka gama waɗannan za ka zo kan ƙari. Canza tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, ka kai ram gigabait 8 in na'urar za ta ɗauka. Amma ka sani, Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta take karɓa ba. Tambayi mai gyara wannan tukuna, ka kuma kwafe takardunka a wani wuri kafin ya sa hannu.

Da fatan Malam na Zaitawa ya gamsu. Allah ya sa a dace.