Bilaidin, Jakadan Laberiya a Birnin Landan

Jama'a, yau za mu ɗan taɓo labarin wani baƙar fata, Edward Wilmot Blyden, wanda ya tsaya gaban manyan Turai da sunan ƙasarsa.

An haife shi a tsibirin Sen Tomas cikin 1832. Da ya kusa kai shekara goma sha takwas ya tafi Amurka neman ilmi, aka hana shi shiga makaranta don launin fatarsa. Bai karai ba, sai ya shiga jirgi ya nufi Laberiya, ya sauka cikin 1851. Can ya yi karatu har ya zama malami, ya koyi Latin da Girkanci da Ibrananci, daga baya ya ƙara da Larabci.

Cikin 1877 aka naɗa shi jakadan Laberiya a Ingila, har ya gana da Sarauniya Biktoriya. To, aikin jakada shi ne ya zama bakin ƙasarsa a wurin baƙi, ya kare mata haƙƙi da magana. Amma Laberiya ƙarama ce, ba dukiya, ba rundunar kirki, ga ta kuma tana jayayyar iyaka da Ingilishi na Saliyo. Cikin 1882 Gwamna Havelock ya zo Monrobiya da jiragen yaƙi. Bilaidin, wanda ya ke cikin masu shawara a lokacin, ya ga faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, ya goyi bayan sulhu. Majalisa ta ƙi, mutane suka zarge shi da son Turawa. Ƙin bai hana kome ba, gama cikin 1885 aka yanka iyaka a kogin Mano, Laberiya ta rasa ƙasar da a ke gardama a kanta.

Duk da haka aka sāke aikensa Landan cikin 1892, sa'an nan Landan da Faris cikin 1905. Ya kuma shugabanci ilmin Musulmi a Saliyo, shi kuwa Kirista ne. Ya rasu a Firitawun cikin 1912.

Ku 'yan makaranta, ku duba: wanda aka rufe wa ƙofar aji, ilmi ya buɗe masa ƙofar fada. Amma ku tuna, nauyin maganar jakada gwargwadon ƙarfin waɗanda suka aiko shi ne. In muna so a saurare mu a waje, sai mu fara gyara gida.