Tsakar Gidan Kabawa da Ciyawar Bariki

Tun zamanin da Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, har zuwa ranar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, ba a san Bakabe da shuka ciyawa a tsakar gida don ado ba, domin a wurin mutanen Gulma da Argungu da Birnin Kebbi ciyawa haƙƙin dabba ce, mazauninta kuwa fadamar Gulbin Rima, inda burgu ke ciyar da shanun Fulani da rani. Tsakar gida ana share ta ne safe da yamma har ta yi tas, saboda tsafta, da gudun maciji da kunama, da kuma samun wurin shimfiɗa tabarmar salla. Idan ana son ƙasa ta ɗore, musamman a ɗakin amarya, sai mata su taru su yi daɓe, suna bugu suna waƙa, sannan su zuba makubar da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, wadda ke sa daɓen ya yi duhu ya yi ƙarfi.

Shimfiɗar ciyawar da ake yi wa aski al'adar Ingila ce, ƙasar yayyafi, inda Edwin Budding ya ƙirƙiro injin yankanta a 1830. Ta biyo joji da razdan zuwa bariki, daga bisani attajiranmu suka gaje ta ba tare da sun gaji yayyafin ba. Abin mamaki, a yau masu al'adar da kansu, a Turai da Amurka, sun fara tuge ta suna dasa za'atar mai yaɗo, ɗan'uwan wanda matanmu ke sa wa shinkafa dafa-duka, saboda ba ya bukatar aski, ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma zuma na son furensa.

Sai dai za'atar ɗan busasshiyar ƙasa mai tsakuwa ne, ba ya jure laka da kwanciyar ruwa, alhali kuwa fadamarmu ba ta rasa masu rufe ƙasa nata: kiri-kiri mai jure tattaki, da duman kada da ke riƙe yashin gaɓa, da jema da manoma ke dasawa a iyakar gona. Malamanmu sun karhanta israfin ruwa ko da a alwala ne, balle a shayar da ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci. Mai sabon gini a Gulma ya fara duba bakin gulbi kafin ya aika sayen iri daga ƙetare.